Ba Kowace Sara Ce Ta Masassaƙi Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tsafe ya san akushi, baƙin kwanon itacen da ake tuƙa tuwon dawa a kwashe wa maigida a ciki. Ko a Kucheri, da ke bakin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, kwanukan samira da na roba sun mamaye gidaje, amma dattawa ba su manta da yadda akushi yake riƙe zafin tuwo ba. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka ga yadda ake koyon sassaƙa shi.

Masassaƙi yakan zaɓi gungumen itace, kamar ɗanya, tun yana da sauran danshi, domin busasshen itace yakan gajiyar da hannu. Da gatari ake fitar da siffar waje, da gizago kuma ake raraƙe ciki. Daga nan a kankare, a babbaka shi ya yi baƙi, a shafe shi da mai. A birane akwai injin da yake juya itace, kafinta ya kafa ƙarfe mai kaifi yana fere shi. Hanyar ta bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce: ragewa ake yi, ba a ƙarawa, kuma abin da aka sare ba ya komawa.

Saboda haka babban abin da ɗan koyo yake koya shi ne sanin lokacin dakatawa. Sau da yawa akushinsa na farko yakan huje a gindi, domin hannunsa bai san iyaka ba. Gwani kuwa yakan ajiye gizago, ya sa yatsa ɗaya a ciki, ɗaya a waje, ya auna kaurin da ya rage kafin ya sake sara.

Ƙaunatattu cikin Almasihu, mun saba jin wa'azi cewa Allah yana sassaƙa mu ta wurin wahala, kuma akwai gaskiya a ciki. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 12:5-11 ta koya mana cewa Uba yana horon 'ya'yansa, horon kuma yakan yi zafi kafin ya ba da amfani. Manzo Bulus, a 2 Timoti 2:20-21, ya ambaci kayan itace cikin kayan babban gida, ya kuma nuna cewa wanda ya tsarkake kansa zai zama abin amfani ga Maigidan. Mutanen Nazarat ma da sana'ar sassaƙa suka san Ubangijinmu, kamar yadda Markus 6:3 ya nuna.

Amma ga tambayar da take damun zukata a ƙasarmu. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Zamfara, ba su bar Kirista ba, ba su bar Musulmi ba. An kora shanu, an bar gonaki babu noma, an sayar da hatsi da filaye domin biyan kuɗin fansa. Idan gwauruwa ta zo sujada da marayunta, za mu ce mata wannan gizagon Allah ne?

Akushi da kansa ya ba mu amsa. Saran masassaƙi yana da nufi, yana da ma'auni, kuma amfanin itacen yake nema. Wanda ya faskara gungume don mugunta bai zama masassaƙi ba, ko da gatarinsu iri ɗaya ne. Wasiƙar Yakubu 1:13 ta gargaɗe mu kada mu jingina wa Allah jarabar mugunta. Kisa zunubi ne, satar mutane zunubi ce, masu aikata su kuma za su tsaya a gaban shari'ar Allah. Idan muka kira aikinsu sassaƙar Ubangiji, mun wanke mai laifi, mun kuma ƙara wa mai makoki nauyi.

Abokan Ayuba sun kyauta a kwana bakwai da suka zauna tare da shi shiru. Da suka buɗe baki suna fassara masa dalilin masifarsa, sai suka zama kamar ɗan koyon da ya ci gaba da sara har ya huda gindin akushi. A Ayuba 42:7 Allah da kansa ya tsauta musu.

To, ina begenmu? Masassaƙi na ƙwarai ba ya zubar da itacen da ya tsage. Abin da ba zai ƙara zama akushi ba yakan fitar da muciya ko koshiya daga cikinsa. Haka Yusufu ya shaida wa 'yan'uwansa a Farawa 50:20. Bai ce sayar da shi da suka yi alheri ne ba. Ya kira nufinsu mugunta, sa'an nan ya shaida cewa Allah ya juya shi ya ceci rayuka masu yawa. Mu lura, Yusufu ne ya faɗi haka da bakinsa, bayan shekaru fiye da 20. 'Yan'uwansa ba su da ikon faɗa masa a bakin rijiya.

Saboda haka, idan ka shiga gidan makoki, ka bar fassara a ƙofa. Ka kai tuwo, ka taya su noma, ka biya wa maraya kuɗin makaranta, ka zauna. Ranar da mai baƙin ciki zai ga abin da Allah ya fitar daga ɓaraguzansa, shi ne zai tashi ya ba da shaida a gaban ikkilisiya.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka ba mu hikimar rarrabe horonka da muguntar mutane. Ka tsare harsunanmu a gaban masu makoki, ka tattara waɗanda aka farfasa, ka mai da su kayan amfani a gidanka. Amin.