Haƙuri Da Magani, Da Hawayen Da Ba Na Hali Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya yi mana baiwar ji da gani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa, mun sha jin karatu a kan haƙuri da cuta. Wanda ba mu cika ji ba shi ne haƙuri da magani, wato lokacin da mutum ya nemi sauƙi ta hanyar da shari'a ta yarda, aka yi masa aiki, sai aikin ya zo masa da tasa damuwar. Mas'alar da zan kawo ƙarama ce ƙwarai, ba ta fi ƙwayar riɗi girma ba, amma ta taɓa haƙuri, ta taɓa tawakkali, ta kuma taɓa ihlasi ta inda ba a zato.

A kowane ido akwai ƴan kafofi biyu a lungun da ke wajen hanci, ɗaya a bakin fatar sama, ɗaya a bakin ta ƙasa. Ta nan hawaye ke zurarewa, su bi wata ƴar hanya su faɗa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Idan idon mutum ba ya samar da isasshen ruwa, aka yi ta ɗiga masa magani bai wadatar ba, likitan ido yakan sa wani ɗan matoshi a kafar, galibi ta ƙasa, domin ɗan ruwan da ake da shi ya daɗe a kan ido. Akwai na kolajin mai narkewa da kansa, wanda ake gwaji da shi, akwai kuma na silikon mai zama, wanda wani likitan Amurka, Jerre Freeman, ya fito da shi a 1975. Sa shi ba ya wuce ƴan mintuna.

Badamagare ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan dabara. Garin da ke zaune a kan duwatsu, wanda ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke masa hedikwata zuwa Yamai a 1926, ya san cewa wanda ruwansa kaɗan ne, tare shi yake yi. Abin da madatsun Gogo da Machaya suke yi wa ruwan damina, shi matoshin nan yake yi wa hawaye. Kuma idanunmu suna da dalilin bushewa: hazon hunturu da ƙurarsa, zafin bazara, iskar da ke dukan fuskar mai hawa kabu-kabu, hayaƙin gawayin shayi a fada. Iyayenmu a karkara suna da nasu dalilin da ya fi wannan nauyi, domin amodari, wanda ya daɗe yana addabar jihar Damagaram, yakan bar tabo a cikin fatar ido ya hana shi danshi, haka ma ƙarancin bitamin A mai kawo dundumi. Mu kuwa ɗalibai, daga kwamfuta sai salula, kuma an tabbatar cewa mai kallon allo yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba.

Ni kaina an sa mini wannan matoshi a wani asibitin ido, ina tsakiyar karatu a Jami'ar André Salifou. Kwanakin farko ji nake kamar tsakuwa ta maƙale a lungun idona, duk ƙiftawa sai ta tuna mini tana nan. Hannu yana ta son ya kai, alhali an hana murzawa, domin murza na iya fitar da ita ko ta tura ta ciki. A nan na ji shawara iri biyu daga masoya. Wani ya ce: je a cire, ka koma ga Allah, mai cuta shi ne mai magani. Wani ya ce: kai muridi ne, ka daure, kada ka ƙara komawa wurin likita kana ƙorafi. Dukkansu da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma dukkansu, a ganina, sun kama rabin zance ne.

Imamu Gazali (ya rasu a 505 bayan hijira) ya yi wa na farko amsa a cikin Ihya'u, a littafin tauhidi da tawakkali. Ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishi, wanda barinsa ba tawakkali ba ne, har yakan zama haramun in ana tsoron halaka. Akwai na wahami, kamar lalas da wuta, wanda barinsa shi ne siffar masu tawakkali. Akwai kuma na tsakiya, mai rinjayen zato, kamar ƙaho da shan magani, wanda yin sa ba ya warware tawakkali. Gaskiya ne ya ce barin wannan na tsakiya yana iya fi wa wasu bayi a wasu halaye. To amma ya kamata mutum ya san matsayinsa. Wanda in idonsa ya dame shi zai wuni yana fushi da mutanen gida, lazimi ya gagare shi, karatu ya tsaya, ba ya cikin waɗannan bayin, kuma kwaikwayon su da baki ba zai sa shi cikinsu ba. Ido amana ne, bushewa mai tsanani kuwa tana iya kai wa ga miki a kan baƙin ido.

Na biyu kuma, mai cewa a daure kawai, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai damuwar da take ta sabo ce: ɗan ƙaiƙayi, ɗan jin tsakuwa, wanda a wurin yawancin mutane yakan lafa cikin ƴan kwanaki. Wannan ita ce gonar haƙuri, maganinta a riƙe hannu, a ci gaba da ɗigon da aka rubuta, a ba jiki lokaci. Akwai kuma ciwon da yake saƙo ne: zafi mai ƙaruwa, lungun ido ya yi ja ya kumbura, ruwan ƙwai ko kwantsa mai yawa, gani ya dushe, ko matoshin ya turo kai yana kartar ido. Wanda ya ga haka ya zauna yana kiran sa haƙuri, ya zalunci idonsa. Irin matoshin da ke zama a bakin kafa, likita yakan cire shi da ɗan hantsaki nan take, ya sa wani daidai girman kafar ko ya canza hanya gaba ɗaya. Gazali ya ambaci cewa bayyana ciwo ga likita don neman magani ba ya cikin ƙarar Ubangiji. Abin da ke ɓata haƙuri shi ne zuciya ta ƙullaci hukunci, harshe ya riƙa yawo da shi.

Ina yawan tuna matar nan mai farfaɗiya da Buhari da Muslim suka ruwaito labarinta daga Ibn Abbas (RA). Shugaba (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin ya roƙa mata waraka ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna. Ta zaɓi haƙuri. Amma ba ta tashi ba sai da ta roƙi a yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa in ciwon ya tashi, kuma aka yi mata. Dubi yadda ta rarrabe: ga abin da za ta ɗauka, ga abin da ba za ta ɗauka ba, kuma roƙon nata bai rage mata komai daga alkawarin ba.

Yanzu ga wurin da ya fi tsaya mini a rai. Idan aka toshe magudana, wani lokaci ruwan yakan fi ƙarfin ido ya riƙa gangarowa a kumatu. Wannan sananne ne a wurin likitoci, yana cikin dalilan da ke sa a cire matoshi. To ka ɗauka kana zaune a da'irar wazifa bayan magariba, an shimfiɗa farin ƙyalle, an kama Jauharatul Kamali, hayaƙin turare ya ɗan taɓa ido, sai ga hawaye shaa a fuskarka. Zuciyarka kuwa a lokacin tana wajen jarrabawar gobe, ko kuɗin haya. Na kusa da kai ya gani. Bayan an shafa, wani dattijo ya riƙe hannunka ya daɗe bai saki ba, ya ce ka sa shi a addu'a. Kafin Juma'a ta zagayo, yara sun fara matsa maka wuri.

Ba ka yi ƙarya ba. Ba ka matso hawayen ba, ba ka ce wa kowa kana cikin hali ba. Tambayar ita ce: shirun da ka yi, mene ne sunansa?

Mun san darajar hawaye a wannan hanya. Cikin mutum bakwai da za a inuwantar ranar da babu inuwa akwai wanda ya ambaci Allah shi kaɗai idanunsa suka zubar. Kalmar da ta kamata mu riƙe a nan ita ce kaɗaici, inda babu mai gani balle ya yaba. Magabata sun ji tsoron idon mutane a kan kukansu har suna ɓoye shi. An ruwaito cewa Ayyubas Sakhtiyani, tabi'in Basra, idan zuciyarsa ta karye a majalisi kuka ya zo masa, sai ya kama hanci ya nuna kamar mura ce ta dame shi. Shi yana da hawayen gaske yana jingina su ga ciwo. Mai matoshi yana da hawayen ciwo, rai kuma yana raɗa masa ya bar su a jingina su ga hali. In aka sa su a ma'auni, sai ka ga ɗaya juyin ɗaya ne.

Rai yana da wayo a nan. Zai ce maka: ai kyautata zato suka yi, kuma kyautata zato ibada ce, don me za ka hana su lada? Zai ce: wa ya sani, wataƙila akwai ɗan hali a ciki. Alamar da za ka gane shi da ita ɗaya ce. Ranar da ido ya lafa, hawayen ba su zo ba, ka ji wani abu ya ragu a zaman? Ka tsinci kanka kana jinkirin share fuska don a gani? In haka ne, an fara cin kuɗin da ba a yi aikinsa ba. Girmamawar da dattijon nan ya yi ba taka ba ce, ta wani bawa ce da yake zaton kai ne.

Abin da nake gani shi ne a faɗa, sau ɗaya, a sauƙaƙe, ga muƙaddami da waɗanda ake zama kusa da su: an yi mini aiki a ido, shi ke sa shi zuba. A riƙe ɗan ƙyalle mai tsabta a riƙa dangwalewa. Ba sai an tashi an yi shela ba, domin yawan bayani shi ma yakan koma wata hanyar jawo ido, mutum ya tsere wa sunan mai kuka ya faɗa sunan mai gaskiya. Kuma kada a ce za a daina zuwa wazifa don gudun riya. Fulailu ɗan Iyali ya riga ya yi gargaɗi cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Idan an faɗa kuma wasu suka ci gaba da zatonsu, wannan ya fita daga wuyanka.

Akwai ɗaya gefen, wanda ya fi ban tausayi. Malamai sun lissafa ƙeƙashewar ido cikin alamomin taurin zuciya, sai ka ga mai ciwon bushewar ido ya ɗauki maganar a kansa, yana ganin an kore shi daga ƙofa. Na ga wata baiwar Allah mai shekaru tana faɗin haka a layin asibiti, muryarta tana rawa, idon kuwa a bushe ƙamas. Wannan rawar muryar ita ce kukan. Abin da malamai suke nufi shi ne zuciyar da wa'azi ba ya ratsa ta, ba ƙwayar da ciwo ko shekaru suka rage wa ruwa ba. Ido yana zuba don albasa, yana zuba don ƙura, har ma busasshen ido yakan yi ta tsiyaya saboda ƙaiƙayi, abin da ke ba marasa lafiya mamaki in likita ya ce musu bushewa ce. Shaidar da albasa ke iya sayen ta ba za a yanke wa zuciya hukunci da ita ba.

Wani abu da likitoci suke kiyayewa ya ba ni sha'awa. Idan fatar ido tana da kumburi, sukan fara magance shi kafin su toshe, domin toshewa a kan kumburi tana tare gurɓataccen ruwa ne a kan ido. Duk wanda ya zauna gaban shehunai ya ji cewa sai an yi takhalli kafin tahalli, a wanke ƙwarya kafin a zuba nono, kuma a lazimi ma istigfari ne a gaba.

Saura abubuwa na yau da kullum. Runtse ido lokacin zikiri yana rage bushewa, sai a haɗa riba biyu. A nisanci zama daidai bakin fanka ko kusa da kaskon turare. Mai sa kwalli ya tambayi likita kafin ya koma masa, domin wani kwallin kasuwa akwai dalma a ciki. Game da azumi, malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan hanya da ta haɗa ido da maƙogwaro, shi ya sa suka yi magana a kan wanda ya sa kwalli da rana ya ji ɗanɗanonsa a maƙoshi. Mai matoshi a kafar ƙasa kada ya ɗauka hanyar ta rufe gaba ɗaya, ta sama tana nan buɗe, don haka ya kai tambayar ɗigonsa ga malamin fiƙihu tun kafin watan ya kama, ya kuma tambayi likita ko za a iya mayar da lokutan ɗigon zuwa dare. A alwala kuwa, ana son a kawar da kwantsar da ta bushe a lungun ido don ruwa ya isa fata. A jiƙa ta tukuna har ta yi laushi, sannan a share da tattausan hannu, ba da farce ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, albarkar Shugaba (SAW).