Hawayen Gidan Sinima: Tausayi Ne Ko Jin Daɗi?

A shekarar 1957 Mehboob Khan ya fito da fim ɗin Mother India, wanda aka daɗe ana kallo a gidajen sinima na ƙasar Hausa. Labarin wata mata ce, Radha. Mijinta ya rasa hannuwansa biyu ya bar gida, bashin mai ba da rance da ruwa ya cinye gonarsu, ambaliya ta kwashe abin da ya rage. A ƙarshe ita da hannunta ta harbe ɗanta Birju, don ya sace ɗiyar mutane. Magidanta da gemunsu sukan fito suna share ido a ɓoye, amma gobe su sake biyan kuɗin shiga. To, me ya sa mutum zai sayi baƙin ciki da kuɗinsa?

Tambayar ba sabuwa ba ce. Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya yi ƙuruciyarsa yana kallon wasan kwaikwayo a birnin Kartaj. Da ya manyanta sai ya lura da wani abin mamaki: mai kallo yana son a sa shi kuka a kan masifar da ba zai so ta same shi ba, in kuwa wasan bai sa shi kuka ba, sai ya tafi yana zargin ƴan wasa. A ganinsa wannan tausayi gurgu ne, gama ba a kiran mai kallo ya taimaka, ana kiransa ya yi baƙin ciki kawai.

Abin ya yi kama da shan kafe. Ɗaci gare shi, amma don ɗacin nan ake saye, domin ɗaci ne wanda mutum ya zaɓa, a kofin da zai iya ajiyewa. A shekarar 1989 tsarin ƙayyade cinikin kafe na duniya ya rushe, farashi ya faɗi warwas, manoman Kamaru da na Habasha suka sha wani ɗacin da ba su zaɓa ba. Masu sha a birane kuwa ba su ji a bakinsu ba.

Duk da haka, kada mai karatu ya yi saurin raina hawaye. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A watan Oktoba na 1984 aka nuna hotunan yunwar Korem ta Habasha a talabijin ɗin BBC, mutanen da ba su taɓa jin sunan garin ba suka yi kuka, suka tara gudunmawa. Haka ya faru a 2005, sa'ad da hotunan yaran Maraɗi suka fita duniya, alhali shugaban ƙasa na lokacin, Mamadou Tandja, yana musun cewa akwai yunwa. Masu mulki sun san ƙarfin hawaye, shi ya sa wani lokaci sukan nema, wani lokaci su ji tsoronsa.

Ashe laifin ba na hawaye ba ne, sai dai a duba inda suka zuba. Idon da ya yi kuka domin Radha ya shaida cewa zuciyar mai shi ba dutse ba ce, wannan kuwa alheri ne. Amma Radha ba ta bukatar ko mudun hatsi ɗaya. Gwauruwar da ke bayan gida, wadda bashi ya ci gonarta, ita ce take bukata, kuma labarinta ba shi da kiɗa, ba ya ƙarewa cikin sa'a uku. Wanda ya yi wa ta farko kuka ya wuce ta biyu bai gaishe ta ba, kansa ya yi wa hidima. Wanda kukan ya buɗe masa ido har ya ga maƙwabciyarsa, kuɗin shigarsa bai tafi banza ba.