KO YA DACE 'YA'YANMU SU BINCIKI KISAN ƘARE DANGI?

Akwai wata tambaya da ke damun iyaye da malaman makarantun sakandarenmu. Idan aka ba ɗalibi mai shekara goma sha shida aikin bincike a kan kisan ƙare dangi da take haƙƙin ɗan Adam, shin alheri aka yi masa, ko kuwa an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa? Masu ƙin wannan darasi suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Suna cewa tone-tone ba ya haifar da ɗa mai ido, yaron da ya kwana yana karanta yadda aka karkashe mutane zai tashi da tsoro, ko kuma da ƙiyayya, wadda ta fi tsoron muni. A ƙasar da ta ga kashe-kashen 1966, da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da rikicin Jos na 2001, wannan fargaba tana da tushe.

Duk da haka ni ina ganin ya dace su bincika, dalilina kuwa yana ƙasar Ruwanda.

Ran 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin saman Shugaba Habyarimana kusa da Kigali. Cikin kwana ɗari da suka biyo baya aka hallaka mutum kimanin 800,000, yawancinsu 'yan Tutsi, tare da 'yan Hutu waɗanda suka ƙi goyon bayan kisan. Adda da kulki ne suka yi yawancin aikin, a hannun maƙwabta. Ɗalibin da ya tsaya a kan wannan adadi kaɗai bai koyi kome ba sai razana. Amma in ya koma baya, zai tarar cewa tun wajen 1933 Turawan Beljiyam suka rubuta ƙabilar kowane mutum a katin shaidarsa, kuma wannan kati ne aka riƙa dubawa a shingayen hanya bayan shekara sittin. Zai tarar da gidan rediyon RTLM, wanda ya yi watanni yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana haɗawa da kiɗa da barkwanci don matasa su saurara. Kafin a ɗaga adda, an riga an koya wa baki ya daina kiran maƙwabci mutum. Wannan kuwa abu ne da yaron sakandare zai iya ganewa, gama yana jin irinsa a kasuwa, yana karanta shi a wayarsa, wani lokaci ma a bakin manya yake jinsa cikin gida.

Ga kuma abin da ya fi yi mana ɗaci mu masu bi. Ruwanda ƙasa ce da kusan mutum tara cikin goma suke amsa sunan Kirista. Dubban mutane sun gudu zuwa majami'u suna zaton ba za a zub da jini a gaban bagade ba, aka kuwa kashe su a can, a Ntarama da Nyamata da Nyarubuye. A Nyange, limamin ikilisiya, Athanase Seromba, ya sa hannu aka rushe majami'ar da katafila a kan mutum aƙalla 1,500 da suka fake ciki. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zauna a Arusha ta same shi da laifi a 2006, aka mai da hukuncinsa ɗaurin rai da rai a 2008. Kada wani ya ce wannan abin kunyar ɗarika ɗaya ce. A Mugonero fastoci sun rubuta wa shugabansu, Fasto Elizaphan Ntakirutimana, wasiƙa suna roƙonsa ya cece su da iyalansu, bai cece su ba, kotun nan ta ɗaure shi a 2003. A 2017 Fafaroma Francis ya roƙi gafarar Allah saboda zunubin 'ya'yan ikilisiya a wannan kisa.

To, mu ɓoye wa yaranmu wannan? In mun ɓoye, za su same shi a wani wuri, daga bakin wanda ba ya ƙaunar ikilisiya, sa'an nan su tambaye mu me ya sa muka yi shiru. Littafi Mai Tsarki kansa bai yi irin wannan ɓoyo ba. Mahukunta sura 12 ta ba da labarin yadda mutanen Gileyad suka tare mashigin Urdun, suka sa kowane mai wucewa ya faɗi kalma guda, wanda harshensa ya nuna shi Ba'ifraime ne sai a yanka shi, har mutum 42,000 suka faɗi. Dukansu 'ya'yan Yakubu ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shingen matasa a ranar tarzoma, aka ce ya karanta wata addu'a domin a san ko shi wane ne, ya san wannan sura ba tatsuniya ba ce.

Amma yadda za a koyar shi ne gaɓar magana, a nan ne masu fargaba suke da gaskiya. Malamin da ya cika allo da hotunan gawawwaki ya ci mutuncin matattu, bai kuwa ƙara wa rayayyu hankali ba. Wanda kuma ya zaɓi labarin da mutanensa ne aka zalunta kaɗai, ya tsallake wanda mutanensa ne suka yi zaluncin, wannan yana wasa wuƙa ne da sunan darasi. Sai a koya wa ɗalibi ya tambayi wane ne ya faɗa, yaushe, da wace shaida, ya kuma san nauyin kalma. Wani lauya Bayahude ɗan ƙasar Polan, Raphael Lemkin, wanda 'yan Nazi suka hallaka danginsa da yawa, shi ya raɗa wa wannan laifi suna a 1944. Yarjejeniyar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ran 9 ga Disamba 1948 ta ce sai an tabbatar da niyyar shafe wata al'umma, ko ƙabila, ko jinsi, ko mabiya wani addini, gaba ɗaya ko sashensu. Yaron da ya san wannan ba zai riƙa jifa da kalmar a kowace gardama ba, ba kuma zai yi gum ba ranar da ta dace.

Kada kuma a manta da waɗanda suka ƙi. Felicitas Niyitegeka 'yar Hutu ce mai hidimar ikilisiya a Gisenyi. Ɗan'uwanta, hafsan soja, ya aika mata ta tsere, ta ƙi barin 'yan Tutsin da ta ɓoye, aka kashe ta tare da su a Afrilu 1994. Musulmi da dama su ma sun ɓoye maƙwabtansu a gidaje da masallatai, abin da ya kamata Kiristan Nijeriya ya ji da kunnensa.

Bayan 1994 Ruwanda ta dakatar da koyar da tarihin ƙasa a makarantu fiye da shekara goma, saboda irin tsoron da iyayenmu suke ji. Amma a tsakiyar waɗannan shekaru, a garin Nyange ɗin nan da aka rushe majami'a, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandare da dare ran 18 ga Maris 1997, suka umarci ɗalibai su ware, Hutu gefe guda, Tutsi gefe guda. Yaran sun ga abin da warewa ta haifar shekara uku kafin nan. Suka ƙi tashi, suka amsa cewa su duka 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, shida suka mutu a daren, da yawa suka jikkata. Ɗaliban sakandare ne kamar 'ya'yanmu.