Fatawa a kan Motsa Jiki ga Falken da ke Baƙunta a Ƙasashen Waje

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa saro kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wani zuwan in biyo ta Dubai, nakan yi mako biyu ko uku kafin in dawo. Likita ya ce ina da hawan jini, suga ma ya fara leƙowa, ya ɗora mini motsa jiki kullum. A gida ina yi, amma a can ɗakin motsa jikin da ke otal maza da mata ne a cakuɗe, ga tsiraici ga kiɗa. Ya halatta in shiga saboda lalura, ko in haƙura sai na dawo gida? Mai ɗakina ma takan raka ni wani lokaci, ita mene ne hukuncinta?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba mu jikkuna amana, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a fataucinka. Ka ajiye mini ƙofa biyu ka ce in zaɓa maka ɗaya, ko shiga ɗakin nan yadda ka siffanta shi ko barin motsa jiki ɗungum, ni kuwa ban ga inda shari'a ta tsare ka tsakaninsu ba, domin akwai ta uku wadda ta fi su faɗi.

Asalin motsa jiki halas ne, yana zama mustahabbi idan aka yi shi da niyyar samun ƙarfin ibada da neman halali, amma ga mutum irinka, wanda likita masani ya shaida masa cewa barinsa zai jawo masa cuta, to, hukuncin yana hawa har ya kusanci wajibi, saboda kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su. Tafiya kuwa ba ta sauke wannan nauyi, don hawan jini ba ya jiran mutum a gida sai ya dawo. Abin da ya kamata mai tambaya ya lura da shi, wanda masu kawo hadisan tsere ba kasafai suke tsayawa a kansa ba, shi ne tseren ƙafa biyu mafiya shahara a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duka a kan hanyar tafiya aka yi su. Muslim ya ruwaito cewa Salamatu ɗan Akwa'u ya nemi izini ya yi tsere da wani mutumin Ansar suna komowa Madina daga yaƙin Zu Ƙarad, aka ba shi, ya kuwa tsere masa. Abu Dawuda da Ahmad kuma sun ruwaito tseren Annabi da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, a tafiye-tafiye biyu, ta farko ta wuce shi, ta biyu bayan ta yi jiki ya wuce ta. A cikin riwayar Ahmad akwai cewa sai da ya umurci sahabbai su yi gaba tukuna aka yi tseren. Wannan ƙarin yana da nauyi ga mas'alarmu, domin ya nuna cewa wanda ya halatta gudun shi ne kuma ya nema masa sutura.

Kakanninmu fatake ba su taɓa kawo wa malamai wannan tambaya ba, saboda mutumin da ya taso daga Kano ya bi jakai wata da watanni zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar kanta ta ishe shi atisaye. Falken yau daga kujerar jirgi sai kujerar mota, daga nan sai teburin cin abinci, shi ya sa abin da Allah ya haɗa wa na da a cikin sana'arsu ya zama na yanzu sai sun keɓe masa lokaci.

Amma ɗakin motsa jiki na otal, ko da yake sabon abu ne, yana da ɗan'uwa a cikin littattafan fiƙihu, wato hammam, gidan wankan jama'a na biranen Sham da Masar da Andalus, inda mutane ke shiga da kuɗinsu don lafiya da tsabta, kuma tsiraici ke yawaita. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya tabbatar a cikin Risala, wadda kowane ɗalibin zaure ya sani, cewa namiji ba ya shiga sai da gyauto, mace kuwa sai da dalilin rashin lafiya. Imam Ƙurɗubi, a tafsirinsa na ayar runtse ido cikin Suratun Nur, ya kawo sharuɗɗa goma da malamai suka gindaya wa mai shiga, daga cikinsu akwai cewa ya shiga da niyyar magani ko tsabta, ya kirdadi lokacin da babu kowa ko mutane suka yi ƙaranci, ya suturce al'aurarsa da tufa mai kauri, ya dubi ƙasa ko ya fuskanci bango, kada ya bar wani ya cuɗa masa tsakanin cibiya da gwiwa, ya shiga da lada sananne, idan kuma bai sami wurin shi kaɗai ba ya haɗa kai da mutane masu kiyaye addininsu su kama shi haya. Wanda ya karanta waɗannan sharuɗɗa sai ya ga kamar da otal ɗinka aka rubuta su. Sai dai akwai bambanci guda wanda ya ƙara wa naka tsanani: hammam na da, maza da mata ba sa haɗuwa a cikinsa lokaci ɗaya.

Saboda haka ga hukuncin. Idan ka san lokacin da ɗakin yake wayam, kamar bayan sallar Asuba kafin baƙi su tashi, ko da tsakar rana sa'ad da kowa ya tafi kasuwa, ka shiga, ba ka da laifi, ka hau injin tafiya ko keke ka yi abin da likita ya ce. Idan ku 'yan kasuwa kuna da yawa a masauki ɗaya, ku roƙi masu otal su ware muku sa'a guda, wannan shi ne ainihin abin da Ƙurɗubi ya ambata. Idan kana ciki wata ta shigo da shigar da ka faɗa, ka kau da kai, kallon farko na ba-zata an yafe shi; in ta kasance ku biyu ne kaɗai a ɗaki rufaffe, ka fita, domin wannan keɓewa ce da ajnabiyya; ka kuma tuna cewa bangon waɗannan ɗakuna madubi ne, fuskantar bango a nan ba ya wadatarwa sai an haɗa da sunkuyar da kai. Amma ka nufi ɗakin da gangan a lokacin da ka tabbata cike yake da tsiraici, kana fakewa da lalura, wannan bai halatta ba, domin lalurar da take halatta abin da aka hana ita ce wadda ba ta da wata mafita, kuma ana auna ta gwargwadonta. Amsa gayyatar walimar aure wajibi ce a kan wanda aka kira da sunansa, duk da haka malamanmu, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, sun sauke ta idan akwai munkari a wurin, to, ina ga wurin da ba wanda ya gayyace ka?

Kiɗan da ke tashi a ɗakin, malamai sun rarrabe tsakanin ji da saurare. Abin da ya faɗo kunnenka ba da nufinka ba ba a kama ka da shi, in ka sami ikon rage shi ko toshe kunne da karatu ya fi. Tufarka kuwa ta rufe daga cibiya zuwa gwiwa. Na san akwai saɓani a kan cinya, Risala ma ta nuna cewa al'aura ce amma ba ta kai tsananin al'aura babba ba, Bukhari kuma ya bayyana cewa hadisin Anas mai sassauci ya fi ƙarfin isnadi, na Jarhad mai tsanantawa ya fi tsantseni. Sai dai dattijo mai iyali ba ya buƙatar wannan saɓani alhali dogon wando na yadi mai laushi yana samuwa a kasuwar da yake saro kaya. Wando matsattse mai fitar da surar jiki makaruhi ne. Ka sake kaya a ɗakinka, kada ka shiga wurin tuɓewa da ɗakin tururi inda maza ke tsirara. Tausar da mace ke yi wa namiji, wadda otal-otal da yawa suke tallatawa a gefen ɗakin motsa jiki, haram ce ba tare da wani tawili ba.

Yanzu ga ƙofa ta uku. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take nema ga baligi shi ne aƙalla minti 150 na motsi matsakaici a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar, tafiya da sauri kuwa tana cikinsa, ba ta buƙatar inji ko kuɗin shiga. In a unguwar Xiaobei kake sauka, kamar 'yan Afirka da yawa, lambun Yuexiu yana maƙwabtaka da kai, da tudunsa da matakalansa da tafkunansa, da sassafe za ka tarar da tsofaffin Sinawa a suturce cikin riga da wando, wasu na tafiya, wasu na jan ƙarafan da hukuma ta kafa don jama'a, wasu na yin wasan nan nasu mai taushi da suke kira taici. Kwaikwayon motsinsu don lafiya ba laifi, muddin ba ka ɗauki aƙidar da ke bayansa ba, ba ka kuma rusuna wa kowa irin rusunawar ruku'u ba. Ranar da kake da sarari ka taka da ƙafa zuwa tsohon masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya, ka haɗa ladan taku zuwa masallaci da umurnin likita. Kada ka ji tsoron haɗa niyya biyu, domin Imam Ƙarafi a cikin Furuƙ ya rarrabe riya da tarayyar manufa, ya nuna cewa mai azumi don Allah yana kuma fatan lafiyar jikinsa, ko mai hajji yana kuma ciniki, ibadarsa ba ta ɓaci ba. Da yake zancen birnin ya zo, kabarin da ake jingina wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a can, abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina aka binne shi a Baƙi'a. Ka yi Juma'arka a masallacin wurin, kada ka ƙulla wata aƙida a kan kabarin.

Ka fita da fasfonka a aljihu, domin dokar ƙasar ta wajabta wa baƙo riƙe shi, baƙon da aka gani yana sassarfa da duku-duku kuwa ana iya tsayar da shi. Ka sa dabino biyu ko uku a ɗaya aljihun saboda faɗuwar suga. Idan karen wani ya shinshine ka ko ya lashi wandonka, a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, sallarka a cikin wannan tufa ta inganta, haka ma gumin jikinka ba ya hana salla. A Dubai kuwa, lokacin bazara zafi yakan haura digiri 40, fita da rana jefa kai ne cikin halaka. Ka yi tafiyarka bakin ruwan Deira bayan Asuba, ko cikin manyan rumfunan kasuwa masu sanyi kafin su cika. Ranar ruwan sama ko ƙurewar lokaci, matakalar benen otal da tsakar ɗakinka sun isa.

Hajiya ita ma jikinta amana ne, hadisin Nana A'isha hujjarta ce, kada ka bar ta a ɗaki kai kana yawon lambu. Ku fita tare, tana cikin hijabinta da takalmi mai daɗin tafiya. Ɗakin da ke cakuɗe bai halatta gare ta ba. Wanda aka keɓe wa mata zalla, irin waɗanda ake samu a Dubai, ta shiga da izininka, ta kuma kame jikinta, saboda malamanmu sun tsananta a kan buɗe jiki gaban matar da ba Musulma ba don tsoron kada ta siffanta ta ga wani namiji, yau kuwa wayar hannu da na'urar ɗaukar hoto da ke maƙale a rufi sun fi harshe iya siffantawa.

Saura abu guda da ba ka tambaya ba amma ya rataya da zamanka. Tunda kana shiga garin da niyyar mako biyu, hukuncin matafiyi ya yanke daga kanka, domin a mazhabarmu niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ƙasaru. Ka cika sallarka, in Ramadan ya riske ka ka yi azumi, ka mai da motsa jikin bayan buɗa-baki ko bayan Tarawihi. Wahalar da mutum ya jawo wa kansa da atisaye ba ta zama uzurin karya azumi, amma idan likita amintacce ya ce azumin kansa zai cutar da kai saboda suga, wannan babin mara lafiya ne, sai ka aiko da bayanin abin da ya faɗa a duba shi daban. Allah ne Mafi sani.