Mutumin Da Ba A Iya Yi Wa Magana

Karatu: 1 Sama'ila 25:1-38

Ɗan'uwana ƙaunatacce, ko akwai mutum ɗaya a gidanka da zai iya duban idonka ya ce ka yi kuskure, ya kwana lafiya ba tare da ka ƙullace shi ba? Ka riƙe wannan tambaya a zuciyarka, mu dubi labarin Nabal.

Nabal mutumin Mawon ne, dukiyarsa tana Karmel. Yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Wanda ya tara garke irin wannan ba ya rasa wayo. Duk da haka ma'anar sunansa ita ce wawa, matarsa kuwa ta shaida cewa halinsa ya bi sunansa.

A kwanakin nan Dawuda da mutanensa suna cikin jeji, suna gudun Sarki Saul. Suka tsare makiyayan Nabal dare da rana, ba abin da ya ɓace musu. Da lokacin sausayar tumaki ya yi, Dawuda ya aiki samari 10 su gaishe shi, su roƙi abin da ya sawwaƙa. Nabal ya kore su da baƙar magana. Sai Dawuda ya rataya takobi, ya tashi da mutum 400, ya rantse ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan ba kafin gari ya waye.

Wani bara ya hango masifar. Maimakon ya gaya wa maigida, sai ya tafi wurin uwargida Abigail, gama ya san Nabal ba ya jin maganar kowa. Wautar ke nan, ɗan'uwa. Mutuwa tana kan hanya, mutanen gida sun sani, maigida kaɗai bai sani ba, domin tun tuni ya rufe bakin masu gaya masa gaskiya.

Ka lura, a ranar Dawuda ma yana kan hanyar wauta. Saboda zagin mutum ɗaya zai zub da jinin marasa laifi. Abigail ta tarye shi da abinci a kan jakuna, ta rusuna, ta tuna masa cewa jinin nan zai dame shi ranar da ya hau gadon sarauta. Dawuda ya saurara, ya gode wa Allah da ya aiko ta, ya juya. Nabal kuwa yana gida yana shagali, ya bugu. Da safe ya ji labari, jikinsa ya sandare, bayan kamar kwana 10 ya mutu. Dukansu biyu sun yi kuskure, amma ɗaya yana da kunne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Irin wannan wauta takan ci gari ɗungum. A shekarar 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da 100, da yawa mata da yara. Har yau, kowace kaka, in dabba ta shiga gona, ana bukatar mai cewa a dakata, ana kuma bukatar masu jin maganarsa.

To, kai fa? Matarka ta ce bashin nan ya fi ƙarfinku, ka ce mace ba ta koya maka. Dattijon ikkilisiya ya ja kunnenka a kan sha, ka daina gaishe shi. In ka ga kowa ya yi shiru a gabanka, kada ka ɗauka ka yi daidai. Wataƙila sun gaji ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda kuma ba ya iya cewa na yi laifi a gaban mutum, da wuya ya durƙusa ya faɗa a gaban Yesu Almasihu, wanda yake shirye ya gafarta.

Yau ka nemi wanda ka yi wa tsawa don ya gaya maka gaskiya. Ka roƙe shi ya sake faɗa, ka yi shiru har ya gama.

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe kunnena, ka karya girmankaina. Ka ba ni zuciya mai karɓar gargaɗi tun da sauran lokaci. A cikin sunan Yesu, Amin.