Shin Ɗan Wasan Kwaikwayo Maƙaryaci Ne? Tambaya Daga Zangon Kumasi

Zangon Kumasi, wato unguwannin Musulmi irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zango, ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da mamayar da Turawan Ingila suka yi wa ƙasar Asante a 1896, lokacin da fataken goro da malamai suka yi ta kwararowa daga arewa har Hausa ta zama harshen kasuwa da na karatu. Mazaunin Zango yana maƙwabtaka da fadar Manhyia, inda ake kaɗa manyan tambura a bikin Akwasidae duk bayan mako shida, yana kallon finafinan Kano da na Kumawood, wato masana'antar fim ta Kumasi, sannan a zauren malaminsa yana karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ta yi gargaɗi a kan sauraron waƙe-waƙe da kayan kiɗa da gangan. Ba mamaki hukuncin wasa ya zama abin muhawara a irin wannan gari.

Mas'alar kiɗa tsohuwa ce, kuma saɓanin da ke cikinta sananne ne, domin Ibn Hazm ya raunana hadisan haramcin, shi kuwa Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya rataya hukuncin a kan halin mai sauraro da abin da sautin ke motsawa a zuciyarsa. Wadda ta fi wuyar warwara ita ce mas'alar kwaikwayo, wato mutum ya ari suna da sutura da halin wani. Malamin hadisi na Maroko, Ahmad al-Ghumari, ya rubuta littafi guda a kan haramcinsa, kuma babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce ɗan wasa yana cewa shi wane ne alhali ba shi ba ne, yana kuka ba da baƙin ciki ba, saboda haka sana'arsa ƙarya ce tsagwaronta. Sai dai ƙarya tana buƙatar wanda za a ruɗa, a wasa kuwa mai yi da mai kallo sun riga sun san dawan garin. Bahaushe ya daɗe da gane wannan, tun da mai tatsuniya kan rufe labarinta da ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar da ta shara, kuma ba a taɓa jin an mayar da shaidar wata tsohuwa saboda ta yi wa jikokinta tatsuniya ba.

Tarihin ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganunsa da waƙa tare da taron makaɗa, yana haska wannan batu. An fare ta a Italiya wajen shekarar 1600, Monteverdi ya gabatar da L'Orfeo a Mantuwa a 1607, aka buɗe gidan ofera na farko da ake shiga da kuɗi a Benis a 1637. Babu wasan da ya kai ta nisa da kama da gaskiya, domin a cikinta wanda aka soka da takobi kan tsaya ya rera doguwar waƙa kafin ya faɗi, don haka ba wanda zai ce an yaudare shi. Duk da haka hukumomin coci a Rum ba su sake da ita ba, kuma abin da ya fi damunsu shi ne fitowar mata da shashancin da ke kewaye da gidajen wasa. An hana mata hawa dandali a birnin, sai mawaƙan da aka dandaƙe tun suna yara don muryarsu ta zauna siririya suka riƙa ɗaukar matsayin mata, maganin da ya fi cutar muni. A 1697 Fafaroma Innocent na 12 ya sa aka rushe gidan wasan Tordinona. A lokacin azumin Kirista kuwa, a wancan zamani, akan rufe gidajen ofera a koma ga oratoriyo, wato labarin addini da ake rerawa da irin waɗannan muryoyi ba tare da suturar wasa ko kwaikwayo ba. Abin lura shi ne ƙasar Hausa ta bi akasin wannan hanya, domin daga goma ga watan azumi ake fara tashe, yara su manna gemun auduga su kwaikwayi tsoho da malami, manya suna dariya suna ba su sadaka.

Irin wannan ƙulli na fitowar mata ya bayyana a Gana cikin konsat fati, wasan barkwanci da kiɗa da ƙungiyoyi suka riƙa yawo da shi gari-gari, tun daga Axim Trio ta 1937 har zuwa ƙungiyar da E.K. Nyame ya kafa a 1952 yana wasa da harshen Akan. Shekaru da dama maza ne ke ɗaura zane su fito a matsayin mata. Ga malamin Zango nan gizo ke saƙa: idan mace ta hau dandali an shiga batun cakuɗa da bayyana ado, idan namiji ya tsaya a madadinta an yi karo da hadisin da ya la'anci namiji mai kamanta kansa da mata. Hukumar tace finafinai da aka kafa a Kano a 2001 ma ba ta hana kwaikwayo ba, sutura da rawa da taɓa juna ta fi sa wa ido.

Akwai kuma abin da ya yi kama da wasa a ido amma ba wasa ba ne. A 1954 Jean Rouch ya ɗauki fim a Akra na 'yan Hauka, baƙi daga Nijar waɗanda iskoki ke hawa su riƙa tafiya da magana kamar gwamna da hafsoshin mulkin mallaka. Wanda iska ta hau ba ya cewa kwaikwayo yake yi, cewa yake wani ne ya shige shi, kuma saboda wannan iƙirari ne malamai suka sa bori da danginsa a babin aƙida, ba a babin wargi ba.

Inda masu haramtawa suka fi ƙarfi shi ne a kalmomin da shari'a ta ɗora wa hukunci ko da an furta su da wasa, domin hadisi ya ambaci aure da saki da kome a cikinsu, kuma Malikawa, waɗanda mazhabarsu ce ta kafu a Zango, suna zartar da sakin mai wasa. Amma fiƙihu ya bambance mai wargi da mai hakaitowa, wato wanda ke maimaita maganar wani, shi ya sa malamin da ke karantar da babin saki yana furta lafazin sau goma matarsa tana nan a ɗakinta. Mai wargi yana magana ne da sunan kansa ko da bai nufi sakamakon ba, ɗan wasa kuwa yana faɗin abin da marubuci ya sa a bakin wani, gaban mutanen da suka san haka, don haka ya fi kusa da mai hakaitowa. Wuyar tana dawowa ne idan wadda ke tsaye gabansa a dandali matarsa ce ta aure, ya dube ta ya furta lafazin.