Toshewar jijiyar zuciya: kafin a sayar da shago a tafi Indiya

Mun sha ganin an miƙe bayan sallah ana neman taimako: jijiyar zuciyar wani ɗan'uwa ta toshe, za a kai shi Indiya ko Masar. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, hakan bai saɓa wa tawakkali ba. Amma mu san abin da muke tara wa kuɗi.

Aikin nan ba tsaga ƙirji ake yi ba. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi, har inda kitse ya toshe hanyar jini, ya hura ɗan balan-balan ya buɗe ta, galibi ya bar wata ragar ƙarfe don kada ta sake rufewa. Akwai asibitocin da ke yin sa a Legas da Abuja, a fara jin farashinsu. Kuɗin da dillalin asibitin waje zai faɗa, sau da yawa babu tikitin mutum biyu a ciki, babu biza, babu masauki, ga dala yadda take. Kada kuma a ruga wa bashin ruwa. Zakkarmu tana da rabon mabuƙata da waɗanda bashi ya danne.

Wanda ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, zufa na karyo masa, ciwon na sauka hannun hagu, wallahi ba mai jiran biza ba ne, kada a ce olsa ce. A kai shi asibiti nan take. Wanda kuma aka yi wa aikin, kada ya ajiye maganin hana daskarewar jini don ya ji sauƙi, ko don azumi, sai da izinin likitansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.